Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Saukar Suga Da Jirin Tsayuwa

Duk wanda ya daɗe yana aikin jinya a ƙasar Hausa ya san wannan magana: "Malam, sugana ne ke sauka." Budurwa za ta faɗa maka, magidanci ma haka, alhali yawancinsu ba su da ciwon suga, ba su kuma shan maganinsa. In ka tambayi wanda ya auna, sai a ce ai ba sai an auna ba. Jiri ne, da gumi, da rawar jiki, da faɗuwar gaba, kuma da aka sha lemon kwalba abin ya lafa. Ban taɓa ganin laifin mai faɗar haka ba, domin manyan likitocin Amurka da Ingila, da mujallunsu da ɗakunan gwajinsu, sun shafe fiye da shekara hamsin cikin wannan ruɗani. Yadda suka fita daga cikinsa labari ne da ya dace mu sani, tunda kayan aikin da suka raba gardamar da su yanzu suna nan a yawancin kemis na biranenmu.

Cikin larurorin biyu, jirin tsayuwa aka fara rubutawa. A lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, wani likita a birnin Filadelfiya mai suna Jacob Da Costa ya duba sojoji sama da 300 da aka dawo da su daga fagen fama ba tare da harbi ko sara a jikinsu ba. Kukansu kusan iri ɗaya ne: zuciya na dukan uku-uku, numfashi sama-sama, jiri da kasala. Ya saurari ƙirjinsu bai ji alamar lalacewar zuciya ba. Abin da ya lura da shi shi ne, in soja yana kwance bugun zuciyarsa kan sassauta, da ya miƙe tsaye kuma sai ya yi sama. Da yawansu abin ya faro ne bayan gudawa, ko zazzaɓi, ko doguwar tafiyar ƙasa da kaya a baya. Ya buga bayaninsa a 1871. Ina girmama wannan mutum saboda ba shi da na'urar awon jini. Ɗamarar da muke naɗa wa mutane a dantse sai a 1896 Riva-Rocci ya ƙera ta a Italiya, kuma sai a 1905 Korotkoff na Rasha ya koya wa duniya sauraron jijiya don fitar da lambar sama da ta ƙasa. Da Costa yatsunsa kawai gare shi da agogo, sai haƙurin ya ce wa mutum kwanta, sannan ya ce masa tashi.

A yaƙin duniya na farko larurar ta sake bayyana a dubban sojojin Ingila. Thomas Lewis, babban likitan zuciya na zamanin, ya yi nazarinsu ya kuma yi musu magani da motsa jiki daki-daki. Amma sannu a hankali ra'ayi ya karkata. Zuwa 1941, wani likitan zuciya a Landan, Paul Wood, ya yanke cewa tushen abin tsoro ne da damuwa. Wannan hukunci ya zauna daram shekaru masu yawa, kuma abin da Da Costa ya gani game da kwanciya da tsayuwa ya koma gefe.

Saukar suga kuwa, kafin 1922 kusan ba a san ta a matsayin larurar da likita zai ci karo da ita a gadon asibiti ba. Hawan suga shi ne abin tsoro, shi ke kashe yara cikin watanni. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, a ɗakin gwajin John Macleod. Abokin aikinsu James Collip ya ga zomaye suna farfaɗiya in allurar ta yi musu yawa, suna kuma dawowa hayyacinsu in an ba su gulukos. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Daga nan likitoci suka fara ganin abin da ba su saba gani ba: mara lafiya ya ji yunwa mai tsanani, gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, magana ta fara kauce wa hanya, in ba a yi maza ba ya suma. A ba shi abu mai zaƙi, cikin mintuna ya tashi yana tambayar me ya faru.

Shekarun 1924 da 1925 sun ba ni mamaki ranar da na jera su. A 1924 Seale Harris, likita daga Birmingham ta jihar Alabama, wanda ya je Toronto ya ga masu shan insulin da idonsa, ya rubuta cewa yana da marasa lafiya da ba su taɓa ganin allurar ba amma suna nuna alamun nan sak, don haka jikinsu ne ke fitar da insulin fiye da kima. A shekarar dai Walter Cannon da abokan aikinsa a Harvard suka nuna a jikin dabbobi cewa in suga ya sauka, jiki yana sakin sinadarin adiranalin don ya sa hanta ta fito da ajiyarta. A 1925 kuma Samuel Bradbury da Cary Eggleston a birnin Niyok suka ba da labarin mutum uku da jininsu ke faɗuwa warwas da zarar sun miƙe, har su suma, su farfaɗo in an kwantar da su. Wato cikin shekara biyu an ajiye komai a kan tebur: larurar farko, larura ta biyu, da dalilin da ya sa suke kama da juna. Sai dai masu nazarin suga suna nasu ɓangaren, masu nazarin zuciya da jijiya suna nasu, ba mai leƙa littafin wani.

Dalilin kamanninsu ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, kullum tana buƙatar jini ya iso mata, kuma jinin ya zo da suga a cikinsa. In mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita guda yana gangarawa ƙafafu da ciki. A jiki mai lafiya jijiyoyi kan tsuke nan take, zuciya ta ɗan ƙara sauri, mutum bai ma san an yi ba. In jinin ya yi ƙaranci saboda rashin ruwa, ko jijiyoyin sun yi sanyin amsawa, ƙwaƙwalwa sai ta ji alamar yankewa, jiki ya saki adiranalin da danginsa. In suga ne ya ragu a cikin jinin, abin da jiki zai saki ke nan. Kamar ihu ne a tsakar dare a unguwa: ko gobara ce ko ɓarawo, "jama'a a kawo ɗauki" za ka ji, sai ka fito ka duba kafin ka san ko bokiti za ka ɗauka ko sanda. Gumin, da rawar hannun, da faɗuwar gaban, duk ihun ne. Ba su faɗa maka abin da ya jawo su.

Wanda ya fara kafa ƙa'idar fitowa a duba likitan tiyata ne, kuma larura ce ta tilasta masa. A 1927 a asibitin Mayo aka gano wani ƙari a fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, wanda ke zubo insulin ba ƙaƙƙautawa. A 1929 Roscoe Graham ya cire irin wannan ƙari a Toronto, mara lafiyar ta warke. Nan da nan aka fara turo wa likitocin tiyata duk mai jiri da gumi, a ce a buɗe cikinsa a duba. Yanka fankiriyas a wancan zamani kasada ce da rai. Allen Whipple na Jami'ar Columbia a Niyok, wanda babbar tiyatar fankiriyas ke ɗauke da sunansa har yau, ya ga ba zai yiwu a riƙa tsaga mutane bisa zato ba. A 1938 ya gindaya sharuɗɗa uku. Alamun su bayyana. A ɗebi jini a daidai lokacin da suke bayyana a ga suga ya yi ƙasa, a ma'auninsa ƙasa da miligiram 50. Sannan a ba da suga a ga alamun sun gushe. In ɗaya ya ɓace, ba a taɓa wuƙa.

Sharaɗi na biyu shi ne zuciyar maganar, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Awon da aka yi da safe, alhali jirin da la'asar ya zo, bai tabbatar da komai ba. Jin sauƙi bayan shan zaƙi shi kaɗai ma bai isa hujja ba.

Da an bi Whipple da an huta, amma Amurka ta bi wata hanya. A 1951 aka buga wani littafi na likita E. M. Abrahamson da ya jingina gajiya, da fushi, da shaye-shaye, da tarin matsalolin rayuwa ga saukar suga. A 1969 Carlton Fredericks, mai shirin abinci a rediyo, ya fitar da nasa, ya kuma samu karɓuwa sosai. Aka kafa ƙungiyoyi, wasu likitoci suka riƙa yi wa mutane allurai masu tsada da aka tace daga jikin dabbobi. Gwajin da aka dogara da shi kuwa shi ne a ba mutum ruwan gulukos mai kauri da sassafe bai karya ba, a zaunar da shi awa biyar ana ɗibar jininsa. In lambar ta yi ƙasa a awa ta uku ko ta huɗu, shi ke nan an sa masa suna, zai rayu yana yawo da abinci a aljihu yana tsoron kansa. Abin ya kai a 1973 ƙungiyar ciwon suga ta Amurka, da ƙungiyar likitocin sinadaran jiki, da babbar ƙungiyar likitocin ƙasar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar da ta nuna larurar ta yaɗu haka. A 1974 Joel Yager da Roy Young suka rubuta a babbar mujallar likitanci ta Boston cewa annobar da ake fama da ita ta masu zaton suna da saukar suga ce.

Bincike biyu suka rushe gwajin awa biyar. A 1981 Lev-Ran da Anderson suka yi wa mutum 650 lafiyayyu, waɗanda ba su da ƙorafin komai, sai kusan ɗaya cikin goma sugansa ya sauka zuwa 47 ko ƙasa da haka, bai kuma ji komai ba. A 1989 wasu likitoci a Montreal ta Kanada suka bi ta ɗaya gefen. Suka ɗauki mutum 28 da ake zaton suna da larurar, suka sa su ɗiga jinin yatsa a gida a daidai lokacin da abin ya taso musu. Cikin tasowa 132, kashi 5 cikin ɗari kacal aka samu suga ya yi ƙasa da gaske. Irin wannan bincike bai zama mai sauƙi ba sai da awon jinin yatsa ya samu. Kamfanin Ames ya fito da tsinken gwajin Dextrostix a 1965, da na'urar karanta shi a 1970, kuma sai wajen 1980 na'urorin suka fara shiga gidaje.

A nan ne nake ganin an yi wa marasa lafiya rashin adalci na biyu. Da aka tabbatar sugansu lafiya lau, sai aka ce da yawansu damuwa ce kawai, su je gida. Mutumin da ke ganin duhu-duhu kullum in ya tsaya a layi, aka ce masa ba abin da ke damunsa. Ina kyautata zaton wani kaso na waɗannan mutane jikokin sojojin Da Costa ne a larura, kuma da an kwantar da su an tashe su da hannu a kan jijiyar wuyan hannunsu, da an gani.

Abin sha'awa, mutumin da ya taimaka aka dawo da wannan tunani masanin saukar suga ne. Philip Cryer na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya ƙare rayuwar aikinsa yana nazarin yadda jiki ke kare kansa in suga ya sauka, don haka ya san adiranalin ciki da bai. A 1982 shi da Stephen Rosen suka ba da labarin wata mata da ke fama da bugun zuciya, da gumi, da jiri, da ciwon kai, amma sai tana tsaye kaɗai. Jininta ba ya faɗuwa, zuciyarta ce ke gudu. Da aka ƙara mata gishiri a jiki ta samu sauƙi. A 1986 Rose Anne Kenny da Richard Sutton a asibitin Westminster na Landan suka nuna amfanin wani gado da ake ɗaure mutum a kai a ɗaga shi a karkace, ana auna jininsa da bugun zuciyarsa, don gano dalilin sumar da aka rasa kanta. A 1993 Ronald Schondorf da Phillip Low na asibitin Mayo suka fayyace larurar da yanzu ake kira POTS, wato gudun zuciya in mutum ya tsaya, wadda ta fi kama mata masu ƙuruciya, sau da yawa bayan wata rashin lafiya mai zazzaɓi. Bayan annobar korona an ga ƙaruwar masu ita a ƙasashe da dama.

Daga nan aka samu lambobi. A 1996 ƙungiyoyin likitocin jijiya na Amurka suka amince cewa in lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, to faɗuwar jini ce ta tsayuwa. In kuma jinin bai faɗi ba amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 a minti cikin minti goma na tsayuwa ya kuma zauna a haka, ko da 40 ga matasa 'yan shekara 12 zuwa 19, ana duba POTS. A 2009 Cryer ɗin nan ya jagoranci kwamitin da ya rubuta wa likitoci ƙa'idar binciken saukar suga, kuma abin da suka sa a gaba shi ne sharuɗɗan Whipple na 1938, ba a rage ko ɗaya ba.

Saura tambayar da ta fi damun mutane: in ba suga ba ne, me ya sa lemon kwalba ke aiki? Mai jiri ba ya shan lemo a tsaye. Yana samun wuri ya zauna, jini ya koma sama. Sannan ruwa ya sha. A 2000 Jens Jordan da abokan aikinsa a Jami'ar Vanderbilt suka nuna cewa shan ruwa zalla kimanin rabin lita yana ɗaga awon jinin masu raunin jijiyoyin nan sosai cikin rabin awa. Zaƙin ya samu yabon da zama da ruwa suka cancanta. Wani lokaci ma abincin ne ke jawo jirin. Lewis Lipsitz ya nuna a Boston a 1983 cewa jinin tsofaffi da yawa yana faɗuwa bayan cin abinci, domin jini ya tattaru a hanji. Dattijon da ya cika ciki da tuwo ya miƙe ya ga duhu, in aka ɗura masa ƙarin zaƙi ba a taimake shi ba.

Wannan tarihi na Turawa ne, amma inda ya fi shafarmu shi ne azumi. Daga 2021 zuwa 2024 watan Ramadan ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. Na ga mutane da yawa da jiri ya kwashe su bayan la'asar, ko a tsayuwar tarawihi da tahajjud, kowa na cewa suga ne. Hantar mutum mai lafiya tana iya riƙe sugansa daga asuba zuwa magariba ba tare da wahala ba. Abin da ba ta iya mayarwa shi ne ruwa da gishirin da gumi ya kwashe. Alamar da nake tambaya kullum ita ce: in ka kwanta ka ɗaga ƙafa, yana wucewa cikin 'yan mintuna? Jirin tsayuwa yana jin maganar kwanciya. Ya fi tsanani da safe, da cikin zafi, da bayan wanka da ruwan zafi, wani lokaci da ciwo a ƙeya da kafaɗu. Saukar suga ba ruwanta da ko kana tsaye ko kana kwance. Tana iya tashin mutum cikin dare ya tarar da rigarsa sharkaf, tana zuwa da yunwa, tana kuma rikita magana da hankali tun mutum yana zaune.

Ba na son kowa ya karanta wannan ya yi sakaci da saukar suga ta gaskiya, domin tana kisa. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, in ya ji alamun nan ya ɗauka suga ne har sai awo ya nuna akasin haka. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, ya sha zaƙi nan take ko da azumi a bakinsa, ya sake aunawa bayan minti 15. In babu na'ura a kusa, ya sha, kada ya jira. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, da mai juna biyu da aka sa wa kwinin, domin tun 1983 Nicholas White da abokan aikinsa suka nuna a ƙasar Tailan cewa kwinin yana sa jiki ya zubo insulin. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Akwai kuma wanda ke ɗauke da larurorin biyu a jiki ɗaya, wato wanda ya daɗe da ciwon suga har ya taɓa masa jijiyoyi, musamman in yana haɗawa da maganin hawan jini mai sa fitsari. Shi kam ba a yi masa hasashe ko kaɗan, dole a auna duka biyun.

Roƙona ga 'yan uwana ma'aikatan jinya da masu kemis shi ne, kafin a rataya wa mai jiri ledar ƙarin ruwa ko a ce masa ya riƙa yawo da alewa, a soki yatsarsa a lokacin da abin ke damunsa. Sannan a kwantar da shi minti biyar a auna jininsa da bugun zuciyarsa, a tashe shi a sake aunawa a minti na ɗaya da na uku, a rubuta lambobin a takarda a ba shi ya kai wa likita. Duka aikin bai wuce minti goma ba.